Kuɗin dariya ake biya, ba kuɗin yadi ba

Na san wani zai ce duk abin da ke damunmu a nan Saudiyya, daga sabunta iƙama (takardar izinin zama) zuwa kuɗin haya, Malam bai ga abin ɗaukowa ba sai tishat. Ku yi haƙuri ku karanta, abin ya tsaya min a wuya ne.

Makon jiya bayan isha'i na tsaya wajen mai tsire a nan Jidda. Sai ga wani saurayi sanye da baƙar riga, an zana tsinken tsire a ƙirjinta, da idanu biyu da hula zanna-bukar, yana riƙe da ɗan kati kamar mai jiran layi. A ƙasa an rubuta: "A gida tsire, a nan sairiya." Mutanen wurin suka kwashe da dariya, har mai tsiren sai da ya ajiye wuƙa. Wanda bai zauna Hijaz ba ba zai gane ba. Mutanen Makka sun karɓi tsirenmu tun zamanin kakanni, sunan ya lanƙwashe a bakinsu ya koma sairiya. Kalma shida kacal, amma ta kwashe labarin waɗanda suka taho a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya, suka zauna, har sunayensu suka sauya kamar na tsiren.

Ni kuwa dariyata ta koma ciki, domin na san mai zanen. Ɗan yayata ne. Guda talatin ya buga, duk a kan auduga. Wannan da ke jikin saurayin roba ce mai sheƙi, jan yajin ya koma ruwan ƙasa, kuma ɗan sa hannun da yake yi a gefen tsinken an guntule shi. Na tambayi saurayin inda ya samu. Ya ce hoto ya gani a Instagram, ya kai wani shagon buga riguna, aka cire masa a riyal 15. Yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa ya yi wayo.

To, a nan nake so mu tsaya. Ɗan yayar tawa riyal 70 yake sayar da tasa, kuma kullum sai an ce masa ta yi tsada, wai a kasuwar Bab Sharif da wannan kuɗin sai ka cika leda. Gaskiya ne. Amma mai wannan magana yadi yake aunawa. Bai ga daren da yaron ya raba yana zana tsinke ɗaya yana gogewa, don ya samu fuskar tsiren ta nuna gajiyar baƙo ba tare da ta ba da tausayi ba. Bai ga jimla goma da aka rubuta aka watsar kafin a samu wadda ta zauna. Dariya aiki ce. Duk wanda ya taɓa ba da labarin ban dariya a majalisa aka yi tsit ya san haka.

Shi kansa bugun akwai sirrinsa. Tsohuwar hanya ta rariya, kowane launi sai an yi masa allonsa, shi ya sa ba ta riba sai za a buga da yawa. Yanzu yawancin ƙananan masu zane a wata leda ta musamman ake buga musu, a barbaɗa garin gam, a gasa, sannan a danne a jikin riga da injin zafi. Wannan ne ya sa yaro zai iya fara da guda goma. Kuma wannan ne ya sa ɓarawo ma zai iya cire guda ɗaya tak. Ka ɗora kuɗin riga mai kyau, da harajin kashi 15 da ake biya tun 2020, da kuɗin kai saƙo, ka ga abin da ya rage masa.

Ba zan wanke kaina ba. Ranar da ya fara nuna min zanen malmalar tuwo da ta ɗaura shimag da igal, wato ƙyallen kai na Larabawa da baƙar igiyarsa, an rubuta "An zama 'yan gari", abin da ya fara fita bakina shi ne, "Ina tawa?" Ya ce, "Kawu, taka ai kyauta ce." Na karɓa ban ko ji nauyi ba. Mu dangi mu ne farkon masu karya jarin yaranmu, da sunan sa albarka.

Abin ba a kanmu aka fara ba. Fuskar nan mai ruwan ɗorawa da murmushi, wadda ba ƙasar da ba ta shiga ba, wani Ba'amurke ne mai suna Harvey Ball ya zana ta a 1963. Dala 45 aka biya shi, bai yi mata rajista ba, wasu suka yi ta tara dukiya da ita. Bambancin kawai, yau akwai mafita. Kamfanin riguna na Threadless, da aka kafa a Chicago a 2000, ya ginu ne a kan mai zane ya kawo, jama'a su zaɓa, a buga, a biya shi. Nan Saudiyya ma ga Salla da Zid, yaro zai buɗe shagonsa a waya, kuma akwai hukumar da ke kula da haƙƙin mallakar fasaha. Amma wa zai kai ƙarar ɗan unguwarsu a kan riga ɗaya? Kunya ce kawai za ta yi wannan aikin, in muna da ita.

Dattawa kuma da ke cewa wannan shashanci ne, ina jin ku, kuma ba duka na ƙi ba. Tun 2019 akwai dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a, wadda ta hana sa tufafi masu hoto ko rubutun da bai dace ba. Yaran sun fi mu saninta. Ɗan yayata ba ya sa sunan Allah a riga ko kusa, domin riga tana shiga banɗaki. Da ya gwada rubuta "Ina ruwanka?" da ajami, don yaran da aka haifa a Makka sun fi saurin karanta haruffan Larabci, kakarsa ta sa ya cire, ta ce wani zai ɗauka aya ce. Bai yi musu ba. Abin da ke ba ni mamaki, dattijon da ke yamutsa fuska a kan Hausar da yake iya karantawa, shi ne zai sayo wa jikansa riga a haraj, wato kasuwar gwanjo, da Turancin da ba wanda ya san me yake cewa a gidan.

Su kuma masu kwafa, ko Hausar ba sa girmamawa. Injinsu bai san ƙ da ɗ ba. Akwai wata da aka rubuta "Mu baƙi ne", da ta fito daga hannunsu sai ta koma "Mu baki ne". Na gan ta da idona a jikin wani, yana ta yawo da ita.

Jiya na tura wa yaron riyal 140, kuɗin ta tuwon da na ci bulus da kuma sabuwa ta tsire. Ya ƙi karɓa, na ce to uwarsa za ta ji labari. Da ya kawo min, ya ɗan sosa kai ya ce, "Kawu, don Allah kar ka sa ta a ƙarƙashin farar jallabiya. Tsiren yana leƙowa."