Wai in tafi Indonesiya in tambayi bishiyar

Ranar Talatar nan da ta wuce aka ci min fuska a sana'ar da na yi furfura a cikinta, a gaban yaran shago da 'yan dako, har da wani yaro da ni na koya masa naɗin takarda da hannuna. Ba bashi na je ci ba, ba ragi na je roƙo ba. Tambaya na je da ita: takardar nan da nake saye a hannunku shekara da shekaru, daga ina aka saro itacenta?

Ni ƙaramin mawallafi ne a Kano. Littattafan yara nake bugawa, na koyon karatun boko da ajami, da littafin rubutu mai layi wanda yaro ke kwaikwayon baƙaƙe a ciki. Duk wanda ke wannan harka ya san halin da kasuwar gida take ciki tun da takarda ta fi ƙarfinmu, ba sai na ɓata bakina ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wani bawan Allah mai shagon littattafai a birnin Hamburg na Jamus, da ke sayar wa makarantun ƙarshen mako inda 'ya'yan Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke koyon harshen iyayensu. Kwalaye kaɗan yake ɗauka a shekara, amma da Yuro yake biya, kuma Yuron nan ne hayar madaba'a, shi ne albashin yara. Shi ya aiko min da wasiƙa yana neman shaidar asalin takardata, shi ya sa na je siton da na saba saye.

Na tarar da Alhajin a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan rim ɗin takarda, waya a kunne. Na yi sallama, ya ɗaga min hannu. Na tsaya. Ya gama wayar ya kira wata. Ga benci babu kowa a kai, amma ba wanda ya ce min bismillah. Da ya sauke wayar na rusuna na gaishe shi, don ya girme ni, na ce, "Alhaji, 'yar alfarma na zo nema. Mutumin da nake tura wa kaya a Jamus ne ke son shaidar inda takardar nan ta fito. Ko za a taimaka min da sunan masana'antar da lambar kontenar, in ya so ni in rubuta musu da kaina."

Na miƙa masa wasiƙar. Bai karɓa ba. Hannuna na nan a miƙe, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, rim nawa kake so?"

Na ce, "Yau ba saye na zo ba, Alhaji. Bayani nake nema."

Ya ce, "Au, bayani. To ai nan sito ne, ba jami'a ba."

Yaran suka fara ƙunshe dariya. Na danne zuciyata, na sake kwantar da murya, na gaya masa ba ni na ƙirƙiro maganar ba, doka ce ta Tarayyar Turai, kuma in babu shaidar ba za a bari kayan su shiga ba. Na ce lambobin taswira ake nema, na filin da aka sare itacen. Sai ya juya wajen yaronsa ya ce, "Kai, yago min bangon rim ɗin can." Yaro ya yago ya kawo. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya ɗora yatsa, ya ce, "Kai ne ɗan boko. Karanta mana, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Indonesiya."

Ya ce, "To madalla. Ga hanya nan a buɗe, Malam. Ka hau jirgi ka tafi Indonesiya, ka shiga daji ka yi sallama, ka tambayi bishiyar sunan ubanta. In ta faɗa maka, ka dawo ka ba mu labari."

Sito ya kaure da dariya, har ɗan dakon da ke ɗauke da kaya sai da ya ajiye. Ban ce komai ba. Na fara ninke wasiƙata, amma bai gama da ni ba. Ya ce, "Mai sayen rim ashirin ne zai zo yana min tambayar da ko kwastan ba su yi min ba? Masu ɗaukar tirela guda lokacin zaɓe ba su taɓa tambayata bishiya ba. In Turawanka ba sa so, ka kai wa mai ƙosai ta yi naɗi da shi." Littafin koyon karatun yara, wai a kai wa mai ƙosai! Wallahi da ba don furfurarsa ba, da ranar an ji bakina.

Kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san dalilin wannan rashin mutuncin. Bai sani ba ne. Shi ma daga Legas yake sarowa, na Legas daga wani dillali a waje, dillalin daga masana'anta, masana'antar kuma ta haɗa itacen da ya fito daga wurare barkatai. Haka ake yin takarda. Ana gauraya zaren itace mai tsawo irin na dazukan Finland da Sweden da Kanada da gajeren zare na bishiyar turare daga Brazil ko na gonakin itace a Sumatra, a dama su wuri guda. Shafi ɗaya na littafina zai iya ɗauke da itacen filaye ɗaruruwa. Maimakon ya ce min "Malam, ni ma ban sani ba, amma ga lambar mutumina na Legas," sai ya zaɓi ya mai da ni abin dariya don kada yaransa su gane iyakar saninsa.

Ga wanda bai san dokar ba, EUDR suke kiranta, an kafa ta a watan Yunin 2023. Ta shafi shanu, koko, kofi, manja, roba, waken suya da itace, da duk abin da aka sarrafa daga gare su. Sharaɗinta shi ne kada kayan su fito daga filin da aka sare daji bayan 31 ga Disamba 2020, kuma wanda ya shigo da su Turai shi zai rattaba hannu, ya kawo lambobin taswirar kowane fili. In filin ya wuce hekta 4, sai an zana iyakarsa kewaye. Tarar tana iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. To mai ɗan shago a Hamburg zai ɗauki wannan kasadar saboda kwalayena? Ba zai ɗauka ba. Ya turo min nauyin, ni kuma ban da wanda zan tura wa.

Ban ce manufar dokar ba ta da tushe ba. Na ga abin da sare daji ke yi da idona a ƙasar nan. Kuma tsohuwar dokarsu ta katako, wadda ta fara aiki a 2013, ta bar ƙofa a buɗe: takarda ana bincikenta, amma da zarar an buga rubutu a kanta ta zama littafi, sai ta wuce ba tambaya. Sun so su toshe wannan ƙofar, na fahimta. Amma a duba yadda suka yi wasa da abincinmu. An ce ƙarshen Disambar 2024 za a fara aiki da sabuwar dokar. A wannan shekarar mutumina ya dakatar da oda saboda tsoro, kayan da na riga na buga suka zauna suna shan ƙura. Ana saura 'yan kwanaki sai aka ɗage zuwa Disambar 2025. Na ci bashi na sayi takarda mai tambarin FSC (shaidar cewa ana kula da dajin da itacen ya fito) da tsada, aka ce min tambarin yana taimakawa amma ba ya maye gurbin lambobin taswira. Disambar 2025 ta zo, aka sake ɗagewa zuwa ƙarshen 2026, sannan bayan manyan mawallafan Turai sun yi ta kai gwauro suna kai mari, aka cire littattafai da jaridu daga dokar baki ɗaya. Wa zai biya ni odar da na rasa? Wa zai biya bashin? Sun zauna a Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, sun rubuta, sun goge, sun sake rubutawa, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya tuna akwai ƙaramin mai bugu a Afirka da wannan alƙalamin ke yanka.

Cirewar ma ba ta cece ni ba. Littafin karatu ya fita, amma littafin rubutu mai layi a lissafin kwastan kayan takarda ne, yana nan cikin doka daram. Shi ne kuma rabin odata, don ba malamin da zai sayi na karatu ya bar na rubutu.

Amma bari in bar Turai, don su aƙalla dajin duniya suke iƙirarin karewa. Ina gwamnatinmu take? Me ya kai ni ga neman bishiya a Indonesiya tun farko? Ƙasar nan ta gina masana'antun takarda uku da kuɗin talakawa. Ta Jebba ta fara aiki a 1969. Ta Oku-Iboku a jihar Akwa Ibom an yi ta don takardar jarida. Ta Iwopin a jihar Ogun an yi ta ne musamman don farar takardar rubutu da bugu, irin wadda nake saye, har aka dasa dubban hektoci na itacen malaina a dazukan Omo da Oluwa don a ciyar da ita. Da an riƙe su da amana, yau da mota zan hau in je in tsaya a filin da aka sare itacen littafina, in ɗauki lambar taswirar da wayata. Aka bar su suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, aka sayar, kuma har yau ba su wadata mu da takardar littafi ba. Ba wanda aka tuhuma, ba wanda ya ji kunya.

Sannan aka zo aka saki Naira a watan Yunin 2023. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, takarda ta bi ta, tawada ta bi ta, farantin bugu ya bi ta, ga dizal ɗin janareta don wutar ba ta zuwa. Ku da kuka kashe mana masana'anta, kuka tsadar mana da ta waje, ko ɗan ofishi guda da mai bugu zai shiga a yi masa bayanin wannan doka kun kasa buɗewa? Masu fitar da koko an ga suna bin gonaki suna ɗaukar taswira, ana tarurruka a kansu, saboda koko na kawo Dala. Littafi fa? Shi ba kaya ba ne? A tashar jirgin ruwa ana karɓar haraji kan kowace kontenar takarda, ana cike fom iri-iri, amma ba a taɓa wajabta wa mai shigo da ita ya ajiye shaidar asalinta ya miƙa wa mai saye ba. Da an yi wannan kaɗai, da babu dilan da zai yi min dariya, da ciro takarda zai yi daga durowa ya ba ni.

Kuma wace gwamnati ce za ta iya gaya min inda itacen Sumatra ya fito, alhali ba ta san inda nata yake tafiya ba? Ku tsaya bakin hanya da asuba ku ƙirga motocin itace da buhunan gawayi da ke shigowa Kano. Gas ya gagari talaka, kalanzir ya gagare shi, ya koma gawayi, kuma ba laifinsa ba ne. Wani gawayin ma ba a nan ake ƙona shi ba, kontena ake cikawa a kai Turai su gasa nama. Ana sare mana daji a bainar jama'a, hamada na matso mu, shekara shekara a fito da manyan riguna a dasa bishiya guda a gaban kyamara a watse, ba mai komawa ya ba ta ruwa. Ni da ban taɓa sare ko reshe ba, ni ake tsarewa da tambayar daji.

Mu ma jama'a muna da namu. Mun mai da tambaya laifi. Ka tambayi asalin magani, a ce kana da iyayi. Ka tambayi asalin takarda, a ce ka cika boko. Mai kuɗi ya wulaƙanta ka, waɗanda ya fi zalunta su ne za su fara taya shi dariya.

Jiya mutumin Hamburg ya sake rubuto min, cikin ladabi da ban haƙuri. Ya ce in ba zan iya samo shaidar ba, in tura masa aikin ta intanet, zai ba wata madaba'a a Poland ta buga, tunda su takardarsu na zuwa da shaidarta a haɗe, ni kuma a riƙa ba ni ɗan kaso. Wato littafin koyon Hausa, da baƙaƙen ajami da na zauna na zana, Poland za ta buga, ma'aikacin Poland ya ci albashin. Ni kuma ƙarshen wata in tara yaran madaba'ata, masu mata da 'ya'ya, in gaya musu aikin da suke jira ba zai zo ba.