Tutar Saudiyya ta fi ƙarfin filin ƙwallo

Ranar 22 ga Nuwamba 2022 da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2-1 a gasar cin kofin duniya a Lusail ta ƙasar Qatar, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na ga wasan, kuma na yi ihu har muryata ta dishe. Amma da aka hasko 'yan kallo sun yafa koriyar tutar nan a kafaɗa, ana tsalle ana rungumar juna cikin gumi, sai murnata ta ragu. Mun taso a gidajen da in yaro ya ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa, zai ɗauka ya kaɗe ta ya soke a tsagar katanga. Abin da ke jikin wannan ƙyalle kuwa kalmar shahada ce sukutum.

Kalmar ta daɗe a tutar gidan Al Saud, tun zamanin daularsu ta farko a Dir'iyya, inda Muhammad bin Saud ya ƙulla alkawari da Shehu Muhammad bin Abdulwahab a 1744. Takobin da ke ƙasanta ya samu gindin zama ne a zamanin Sarki Abdul'aziz, wanda ya ƙwato Riyad a 1902, ya kuma haɗe ƙasar da sunanta na yau a 1932. Siffar da muka sani yanzu an tsayar da ita a 1973, lokacin Sarki Faisal. A 2023 Sarki Salman ya ware 11 ga Maris a matsayin ranar tuta.

Gaskiya Saudiyya na ƙoƙarin ba kalmar haƙƙinta. Ana yin tutar da fuska biyu don rubutun ya karantu daidai, daga dama zuwa hagu, ta kowane gefe. Doka ta hana a bar ta ta taɓa ƙasa ko ruwa. Ba a kuma sassauto ta don makoki. Da Sarki Abdullah ya rasu a Janairun 2015, gine-ginen gwamnati a Landan sun sauke tasu tutar zuwa rabin sanda, ta Riyad kuwa tana can ƙololuwa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna sarki ma bawa ne a gaban abin da aka rubuta.

Sai dai dokar Saudiyya a iyakar Saudiyya take tsayawa, tuta kuma yawo take yi. A 1994 kamfanin McDonald's ya buga tutocin ƙasashen gasar cin kofin duniya a jikin jakunkunan takarda da ake zuba abinci a yar, har da ta Saudiyya, sai da aka yi ƙorafi ya janye. A 2007 sojojin Amurka sun raba wa yara ƙwallaye masu tutoci a Khost ta Afganistan, mutane suka fito zanga-zanga don ba za su sa ƙafa su shuri kalmar shahada ba. A 2018 wani kamfanin giya a Jamus ya sa ta a marfin kwalba, daga baya ya nemi afuwa. Ban ɗauka duk waɗannan da gangan aka yi ba. Mai zane ya jera tutoci talatin da biyu, bai iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu ba. Kuma muddin ƙasar na shiga gasa, ga shi ma ita za ta karɓi baƙuncin ta 2034, za a sake.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da Saudiyya za ta fitar da tuta ta biyu don harkokin yau da kullum. Tana da tambarin da kowa ya sani, bishiyar dabino bisa takubba biyu. A ɗora shi a kan koren ƙyalle, a ba 'yan kallo da masu buga riguna da masu shirya gasa. Mai kalmar ta zauna a fada da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci, inda akwai mai kula da ita. Jamus ma haka take, tutar jama'a daban, ta hukuma mai mikiya daban.

Na san wasu za su ce wannan ja da baya ne daga addini, musamman yanzu da ake sauye-sauye a masarautar. Ina fahimtar fargabarsu, amma ni ban ce a goge komai ba. Kalmar ba ta Al Saud kaɗai ba ce, ta duk mai salla ce. Wanda ya fusata da siyasar Riyad kan yaƙin Yaman ya cinna wa tutarta wuta, ya ƙona abin da shi kansa yake fatan cikawa da shi.

Mu ma da namu laifin. Bayan dawowar alhazai na taɓa tsintar 'yar ƙaramar tutar roba a bakin kwata, da alama tsarabar da aka ba yaro ce ya yi wasa ya gaji. Na ɗauraye ta, na ajiye a saman kwaba tare da yagaggun shafukan izu da muke tarawa kafin a ƙona. Alhaji, in za ka yi wa yara tsaraba, ga dabino ga tasbaha, don Allah ka bar musu tutar a shago.