Mai hawa falwaya, ɗaure ta biyu kafin ka kwance ta farko

Wannan magana da ku nake, 'yan'uwana masu hawa falwaya: masu aikin wutar lantarki, da masu jan wayar sadarwa, da masu gyaran fitilun titi. Na fi nufin ku ƙannena da kuka shigo aikin ba da daɗewa ba, jini na kan tafasa, kuna ganin manya suna haurawa sama ba ɗamara ba igiya, kuna jin ku ma sai kun nuna kun iya.

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Wanda ya suɓuto daga tsayin mita 6, daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya ta ishe shi ya kai ƙasa, kuma gudun da zai daki ƙasar da shi ya kusa kilomita 40 a awa. In daga mita 9 ne, gudun ya doshi kilomita 48. Kafin ka gane ƙafarka ta zame, ka riga ka wuce inda hannunka zai kamo wani abu. Mai cewa "ai sai in rungume falwayar" kuwa bai taɓa ganin ƙirji da hannun wanda ya gwada hakan ba, yadda sartsen katako da kawunan kusoshi suka yi masa kaca-kaca. Abin da zai tare ka a wannan daƙiƙar, sai wanda ka riga ka ɗaura tun kana ƙasa.

Akwai wani wuri guda a hawan falwaya da nake so ku ji tsoronsa fiye da ƙololuwarta. Kana hawa lafiya lau, igiyarka ta zagaye falwaya, sai ka iso inda wani abu ya tare hanya: ƙarfen fitila, ko wayar tarho, ko wayar da aka tokare falwayar da ita, ko sandar nan ta gicciye. Igiya ba za ta wuce ba. Sai ka ce a ranka, bari in ɗan zare, yanzun nan zan mayar. Ka ɓalle ƙugiya, ka riƙe falwaya da hannun hagu, ka wurga igiyar ta saman abin da ya tare ka, kana lalubenta da hannun dama ta bayan falwaya. A wannan tsakanin, dukkan nauyinka yana kan tsinin ƙarfe biyu ko matakin tsani ɗaya, da tafin hannu mai gumi. Kayan kariyar da ke jikinka duk sun zama ado. Zanzaro ɗaya ya harbe ka a wuya, ko katakon da ka taka ya ɓare, ko wani ya kwala maka kira daga ƙasa ka waiga, shi ke nan.

Maganin wannan igiya ta biyu ce. In ka iso inda aka tare ka, ka zagaya ta biyun ta saman abin, ka maƙala ƙugiyarta, ka duba da idonka ta shiga, ka ɗan jingina nauyinka a kanta ka ji ta ɗauke ka, sannan ka kwance ta farkon. Haka za ka yi in za ka sauko. Daga lokacin da ƙafarka ta bar ƙasa har ta dawo, kada a samu ƙiftawar ido ɗaya da ba ka ɗaure da komai ba. In ka manta duk sauran abin da zan faɗa, riƙe wannan.

Yanzu sai mu zo ga kayan kansu, don da yawanmu muna ɗaukar bel ɗin ƙugu a matsayin abin da ba shi ba ne. Bel ɗin ƙugu da igiyar da ke zagaye falwaya aikinsu su riƙe ka a wuri ɗaya, hannuwanka biyu su samu sakewa ka yi aiki. Ba a yi su don su cafe mai faɗowa ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a ɗaura su yadda ko ka zame ba za ka yi ƙasa fiye da santimita 60 ba. In ƙaimin ƙafarka, wato tsinin ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafa don hawa falwayar katako, ya fita daga katako, igiyar gargajiya tare za ku sulalo, ba abin da ke riƙe ta a jikin falwayar. Saboda haka aka ƙero wata iri mai ɗauri biyu, ɗaya ta bayan falwaya ɗaya ta cikinta, wadda da zarar nauyinka ya faɗa mata sai ta shaƙe falwayar ta tsaya cak. Amma ita ma tana da sharaɗi. Falwaya gindinta ya fi samanta kauri, don haka kana hawa kana ƙara matse ta, kana sauka kana sassautawa. Wanda ya gyara ta a gindi ya bar ta haka har sama, ya isa can da igiya sako-sako, yana ganin a ɗaure yake.

Abin da aka yi don tare faɗuwa shi ne ɗamarar jiki gaba ɗaya, mai bi ta kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, mai zoben ƙarfe a baya tsakanin allon kafaɗu. Ita tana rarraba ƙarfin fizgar a sassan jiki masu ƙwari, ta bar ka a tsaye kai sama. Mutum ya faɗo da bel ɗin ƙugu kaɗai, jikinsa lanƙwashewa yake yi gida biyu, duk bugun ya tattaru a ciki da ƙashin baya, wani ma ya zube ta cikin bel ɗin kai ƙasa. Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta daina karɓar bel ɗin ƙugu a matsayin abin tare faɗuwa a aikin gine-gine tun daga 1 ga Janairun 1998. In ka sa ɗamarar, ka matse maɗaurin cinya yadda tafin hannunka a miƙe zai shiga amma dunƙulallen hannu ba zai shiga ba. Masu barinsa na reto don wai yana takura su, ranar da suka faɗo maɗaurin zai haɗu da su a inda ba sai na faɗa ba.

Igiyar da ke haɗa ɗamara da maƙali, wato wurin da ake maƙala ta a jikin falwaya, kuma dole ta kasance mai ɗan ƙunshin nan na rage fizga. Tsumma ne mai ƙarfi aka ninke aka ɗinke, da gangan aka yi shi don ɗinkin ya riƙa farkewa a hankali yana shanye bugun. Ƙa'idar Amurka ta ce ƙarfin da zai isa jikin mutum kada ya wuce fam 1,800, wato kamar nauyin kilo 800 da 'yan kai, ta Turai ma ta fi haka tsanani, ta tsaya a kusan kilo 600. Igiyar kasuwa da aka ƙulla a ƙugu ba ta san wannan ba: ko ta tsinke, ko ta riƙe ka ta karya ka. Sai dai ku yi lissafin tazara. Igiya mai tsawon mita 1.8, ƙunshinta ya farke ya ƙara sama da mita 1, ga tsawon jikinka a ƙasan zoben, ga 'yar rara da ake bari. In ka haɗa, kana bukatar fiye da mita 5 a ƙasan maƙalin. A falwaya gajera za ka iya dukan ƙasa igiyarka ba ta gama miƙewa ba. Ka maƙala sama da kanka, ka rage tsawon igiyar iya yadda aiki zai yiwu. Kuma maƙalin ya zama abin da zai ɗauki kilo 2,200 da ɗoriya. Ƙarfen fitila, da kwalbar da waya ke zaune a kai, da wayar kanta, babu maƙali a cikinsu.

Na san abin da za ku ce. Oga shekara nawa yana hawa haka, me ya same shi? To, sabo turken wawa. A Amurka ma da an yarda ƙwararren ma'aikaci ya hau falwaya ba ɗauri, sai ya isa inda zai yi aiki ya ɗaure. A 2014 suka sake dokar, daga 1 ga Afrilun 2015 aka wajabta wa ƙwararrun su ma su ɗaure tun daga hawa, da zarar sun wuce mita 1.2 daga ƙasa, sai fa inda aka tabbatar ɗaurin ba zai yiwu ba ko zai ƙara hatsari. Ƙwarewa ba ta hana katako ruɓewa, ba ta hana jiri ɗibar mutum a tsakar rana. Wanda ya yi maka dariya don ka tsaya ɗaure igiya ta biyu, ya ce maka matsoraci, bar shi ya yi. Ba shi zai kwana da kai a asibiti ba, ba shi zai ɗauki nauyin iyalinka ba. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, gaskiya ne kowa da kwanansa, amma ban ga wanda ya cire birkin motarsa saboda wannan dalili ba. Dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, rai kuwa amana ce a hannunka.

Ƙugiya ƙaramar aba ce, amma a kanta rayuwarka take rataye. Yi amfani da mai kulle, wadda sai an danna abu biyu take buɗewa. Kada ka yarda da ƙarar "ƙas" da ka ji a gefenka. Sau da yawa abin da ƙugiya ta kama filaya ce, ko zoben jakar kayan aiki, ko wata 'yar waya da ke rataye a bel, ƙarar kuma iri ɗaya ce. Sunkuya ka gani da ido cewa a zoben take, bakinta a rufe. Kusa da zoben kuma kada ka rataya komai.

Kullum kafin ka hau, bi kayanka da yatsu taki-taki. Lanƙwasa igiyar ka ga ko zare ya tashi, ko akwai yanka, ko ƙuna, ko wurin da ya sandare. Rana, da ruwan batir, da fenti, da tartsatsin walda duk suna cin waɗannan zaruruwa a ɓoye, don haka ba a jefa ɗamara a bayan mota tare da batir da galan ɗin mai. Da yawa daga cikin igiyoyin zagaye falwaya an saka musu jan zare a ciki. Ranar da ka fara hango ja, ta gama aiki. Masu hawa da ƙaimi, in tsininsa ya gaza milimita 32 idan an auna ta ƙasa, a ajiye shi. Kuma in kana hawa, nisanta gwiwarka da ƙugunka daga falwaya. Mai manne mata don tsoro shi ne ƙaiminsa ke fita. Hular kwano kuma a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita za ta riga ka isa ƙasa.

Duk wannan da na lissafa, a jikin falwaya aka ɗaura shi. In ita ta faɗi, da kai za ta faɗi, kuma a ɗaure. Falwayar katako daga daidai inda ta haɗu da ƙasa take fara ruɓewa, inda laima da gara suke, sama kuwa sumul kamar sabuwa. Ɗauki guduma ka bi ta da duka tun daga gindi har inda hannunka ya kai, kana zagayawa. Mai lafiya tana ba da ƙara tsaf, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ruɓaɓɓiya sai ka ji "dum", gudumar ta lafe. Tone ƙasar gindin kaɗan ka soka sukudireba, in ta shige ba wahala, ba hawa. Ta kankare kuma ka duba tsagewa da inda rodi ya leƙo ya yi tsatsa. Ga wani tarko da ke cin ƙwararru: wata falwayar wayoyin da ke kanta ne kawai suke riƙe da ita. Kana yanke waya ta gefe ɗaya sai ta bi ɗaya gefen. In za a cire waya ko a ƙara, a tokare falwayar tukuna. Mai hawa da tsani, duk mita 4 na tsayi ka janye gindinsa mita 1 daga falwaya, wani ya riƙe maka har ka ɗaure kansa.

Kada kuma wai don an ce an kashe layi ka saki jiki. Janaretan da wani ya haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo wuta baya ta hau layin da kake kai. Ko ba ta kai ta kashe ka ba, fizga ɗaya ta isa ta ɓamɓare hannunka daga falwaya. Gwada layin da na'urar gwaji, ka haɗa shi da wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa, sannan ka taɓa.

Sai batun da aka fi mantawa da shi. A ce ka faɗo, ɗamara ta cafe ka, kana reto. Ba a gama ba. Maɗaurin cinya yana matse jijiyoyi, ƙafafu ba sa motsi, jini sai ya taru a ƙasa ya ƙi komawa zuciya. Mutum na iya suma, kuma in aka bar shi a haka yana iya rasa ransa kafin rabin awa ta cika. In kana cikin hayyacinka, riƙa motsa ƙafafu, ka dafa falwayar da su, ko ka saki 'yar igiyar takawa da ake maƙalawa a gefen ɗamara ka tsaya a kanta. In wuta ce ta buge mutum numfashi ya tsaya, 'yan mintoci kaɗan ne tsakaninsa da lalacewar ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ba a hawa falwaya mutum ɗaya. Wanda ke ƙasa kuma ba ɗan miƙa sifana ba ne kawai, ba kuma lokacin latsa waya ba ne. Ya kasance da nasa kayan hawan a kusa, da igiyar sauko da mutum, ya san inda ake kashe layin, ya iya danna ƙirji da hura numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku sa rana ku gwada sauko da buhun yashi mai nauyin mutum daga falwaya, ku ga minti nawa zai ɗauke ku, ku sake har hannu ya faɗa. Mai zuwa ceto kuma ya tabbatar babu wuta kafin ya taɓa ɗan'uwansa, kada a tashi da gawa biyu.

Wanda aka sauko da shi a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake ji. Ɗamarar da ta cafe shi da igiyarta kuwa sun yi aikinsu na ƙarshe, ko da ido bai ga komai a jikinsu ba. Kada a mayar da su cikin akwatin kaya, kada a bai wa sabon yaro ya lallaɓa da su. A sa wuƙa a yanka su gunduwa-gunduwa, a rubuta wa ofis a kawo sababbi.