Ba kowane goro Igbo ke fasawa a taro ba

Mutane da dama sun ɗauka goron da muke ci shi ne Igbo ke fitarwa a ɗaurin aure ko zaman dattawa. Ba shi ba ne. Namu, wanda su ma suke kira gworo, ɓari biyu yake yi. Na al'adarsu, oji Igbo, yakan yi uku, huɗu, har fiye, kuma ana duba adadin. Mai huɗu shi ake so, don ya dace da ranakun kasuwarsu huɗu: Eke, Orie, Afo da Nkwo. Gworo kuwa na tauna ne kawai.

Maigida kan miƙa oji a faranti, a zagaya da shi bisa kusancin dangi kowa ya gani, sannan ya dawo hannun dattijo. Shi zai ɗaga ɗaya ya roƙi Chukwu, wato Ubangiji a harshensu, da kakanni tsawon rai, da Igbanci zalla, wai goro ba ya jin Turanci. A wasu garuruwan yaro ake ba ya fasa bayan addu'ar. Ana haɗa shi da citta mai 'ya'ya. Baƙon da ya yi saurin kai hannu kafin nan, ya yi abin kunya.