Ranar da hulata ta yi hijira zuwa Jamus ta Gabas

Wani abokin karatuna a garin Bayreuth na Jamus ne ya ja mini. Ya ce akwai wani gari kusa da Hof, Mödlareuth, wanda sojojin Amurka suka laƙaba wa suna "Ƙaramar Berlin". Ni kuwa da jin Berlin sai na ciro farar shaddata ta sallah, na kafa zanna bukar, na ƙi karyawa, wai sai na je birni.

Muka sauka, na waiga hagu na waiga dama. 'Yan gidaje, gonaki, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mutanen garin kaf ba su wuce 50 ba. 'Yan ɗaurin auren ƙanwata sun ninka su sau goma, ban da masu zuwa cin waina.

Ya ce in zo in ga Tannbach, ruwan da tun ƙarni na 16 ya zama iyaka a tsakiyar ƙauyen. Na shirya ganin Kwara, sai ga wata 'yar ƙorama da ko lambatun layinmu ya fi ta cika da damina. Amma kada ka raina ta. A 1945 wannan gefe, Bavariya, ya faɗa hannun Amurka, wancan, Turingiya, hannun Tarayyar Sobiyet, daga baya ya zama ɓangaren Jamus ta Gabas. A 1952 aka kafa shingen katako, a 1966 aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700. Mutanen da suka yi makaranta ɗaya suka koma ko ɗaga wa juna hannu laifi ne a gefen Gabas, har zuwa 9 ga Disamba 1989 da aka fasa ƙofa.

Nan fa shaiɗan ya raɗa mini cewa in tsallake ƙoramar da taku ɗaya, a ɗauke ni hoto in tura gida. Na naɗe riga, na ja da baya, na yi bisimilla na zabura. Ciyawar ashe jiƙe take. Sai ji na yi tsulum, zaune daɓas cikin taɓo, sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Hular ce kawai ta kai wancan gefe.

Wata tsohuwa da ke wucewa da karenta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce "Grüß Gott", ta yi gaba abinta.

Abokina na riƙe da ciki ya ce, "Kwantar da hankalinka, malam, gaisuwar Bavariya ce, kana nan gefenmu. Hularka ce dai ta kafa tarihi, kowa Yamma yake son gudu, ita ta nufi Gabas."

Hoton kuwa ya ɗauka. Sau bakwai.