Jarrabawar Lasisin Koyon Tuƙi: Fahimta Ta Fi Hadda

A ganina, babban kuskuren masu shirin rubuta jarrabawar lasisin koyon tuƙi shi ne ɗaukarta a matsayin shingen da za a tsallake kawai kafin a kama sitiyari. Sai ka ga mutum ya sauke tarin tsofaffin tambayoyi a wayarsa, ya kwana yana haddace cewa amsar wannan ita ce ta biyu, ta wancan kuma ta huɗu, alhali bai taɓa buɗe littafin dokokin hanya da hukumar ba da lasisi ta wallafa ba. Da zarar an sauya lafazin tambaya, sai haddar ta watse.

Dokokin hanya suna da dalilai, kuma wanda ya gane dalili ba ya saurin mantuwa. A tsarin yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya, wanda ƙasashe da dama suke bi, siffar alama da launinta suna isar da saƙo tun kafin a karanta rubutu: da'ira mai jan gefe hani ce, shuɗiyar da'ira umarni ce, alwatikar da tsininta ya kalli ƙasa kuwa tana nufin a ba da hanya. Alamar tsayawa cak tana da kusurwa takwas domin a gane ta ko ƙura ta rufe ta, ko ta baya aka hango ta. Amma alamomi kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Amurka, alal misali, tana amfani da rawayar alama wajen gargaɗi, shi ya sa littafin ƙasar da mutum zai yi tuƙi a cikinta ne abin dogaro.

Inda na fi so a daɗe ana nazari shi ne batun gudu da tazara, domin nan ne rai yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki, tuni ta yi nisa. Idan kuma gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Wanda ya san haka zai fahimci abin da ya sa ake cewa ya lura da lokacin da motar gabansa ta gifta wani turken fitila, ya ƙirga daƙiƙa biyu ko uku kafin shi ma ya iso wurin, ya kuma ƙara tazarar idan kwalta ta jiƙe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, rukunin da yawancin masu neman wannan lasisi suke ciki.

Tambayoyin gwaji suna da amfani, amma bayan an gama karatu, kuma duk wadda mutum ya faɗi, ya koma shafinta a littafin ya gano dalili. Dokokin wanda ya kamata ya fara wucewa a mararraba da shataletale sun fi zama a kai idan aka zana motocin a takarda. Ranar jarrabawa kuma a karanta kowace tambaya har ƙarshenta, domin sau da yawa abin da BA a yarda da shi ba ake tambaya, mai gaggawa kuwa sai ya zaɓi akasinsa.