Fim ɗin Cold Fish da ainihin kisan Saitama

Mutane da yawa idan suka ji an ce wani fim ɗin ban tsoro na Japan ya samo asali daga labarin gaskiya, sai su ɗauka duk abin da suka gani a allo haka ya faru. Ba haka abin yake ba, kuma fim ɗin Cold Fish na darakta Sion Sono, wanda ya fito a 2010, ya isa misali.

A fim ɗin, makashin mai shagon kifayen ado ne. Shi kuwa makashin na gaske da aka gina fim ɗin a kan labarinsa, Gen Sekine, mai kiwon karnuka ne a yankin Saitama na Japan. Shi da tsohuwar matarsa Hiroko Kazama aka kama a 1995 kan kisan mutum huɗu da aka yi a 1993. Guba aka ba mamatan, aka daddatsa gawarwakin, aka ƙone ƙasusuwan a cikin duro har suka zama toka. Wannan ɓangaren kam fim ɗin bai yi nisa da gaskiya ba, shi ne ma mafi tayar da hankali.

Ƙarshen labarin ne ya sha bamban. A allo, mutumin da aka tilasta wa taimakon makashin shi ne ya juya ya kai masa hari har ya yi sanadin mutuwarsa. A zahiri kotu ce ta yanke wa Sekine da Kazama hukuncin kisa a 2001, Sekine kuma ya mutu a tsare a 2017, ba a kai ga zartar da hukuncin ba.

Abin da ke damuna shi ne mamatan huɗun nan suna da iyalai, amma mai kallo yakan tashi da labarin da marubuci ya tsara, ya manta da nasu.